RIJIYA TA BAYAR, KADA GUGA YA HANA: LADABIN WURIN CAJIN MOTAR LANTARKI

Duk wanda ya taɓa kwana a Sabon Birni ko Isa da bazara, ya kuma yi sammako ya nufi bakin rijiya ko famfon burtsatse, ya san wata doka wadda ba Gwamna ya sa mata hannu ba, ba a kuwa taɓa buga ta a takarda ba. Za ka tarar da jarkoki da bokitai an jera su ɗaya bayan ɗaya. Masu su, waɗansu na zaune gefe suna hira, waɗansu sun ruga gida su dawo, amma kowa ya san gurbinsa. Wanda ya cika nasa ya kan janye ya ba na baya wuri. Ba wanda ya ke cika tulu, sa'an nan ya bar shi ƙarƙashin famfo ya tafi kasuwa. In kuwa wani ya yi haka, kafin azahar labarinsa ya game unguwa.

To, jama'a, ga wata sabuwar rijiya nan tafe, wadda ba ruwa a ke ɗiba cikinta ba, wuta a ke ɗiba. Watau wurin da a ke cajin motoci da babura masu aiki da lantarki. Abin da mu ke so mu duba yau shi ne, wace doka za ta zauna a bakin wannan rijiya, wa zai rubuta ta, wa kuma zai koya wa yara ita.

Yadda abin ya iso mana

Motar lantarki ba sabon abu ba ce a duniya. Tun cikin 1899 wani mutumin Beljiyam, Camille Jenatzy, ya yi gudun da ya wuce kilomita 100 a awa guda da irin wannan mota. Daga baya motar fetur ta yi araha, musamman bayan da kamfanin Ford ya fito da tasa cikin 1908, sai ta lantarki ta kwanta har kusan shekara ɗari. Abin da ya tashe ta shi ne samun batir irin na litiyam, watau ɗan'uwan wanda ke cikin wayar hannunka, mai ɗaukar wuta da yawa ba tare da nauyi ya yi yawa ba. Cikin 2024, kusan tara daga cikin kowace mota goma sabuwa da aka sayar a ƙasar Norwe ta lantarki ce zalla. A cikin wannan shekara kuma Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur ko gas.

Mu ma a nan ba a bar mu can baya ƙwarai ba, Sakkwato kuwa tana da abin faɗa cikin zancen. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen motoci a birnin Ditiroyit na Amurka, ya kuma yi aiki da kamfanin General Motors, shi ya zana siffar motar nan Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya cikin 2007. Cikin 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar Gwamnatin Tarayya mai kula da tsara motoci da bunƙasa ƙera su, wadda a ke kira NADDC, ya riƙe ta har 2023. A zamaninsa ne, cikin 2020, kamfanin Stallion ya fito da motar Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Ikko. Sa'an nan cikin watan Afrilu 2021 hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ita ce ta fari cikin irin waɗannan tasoshi nata. Bayanta aka yi ta Jami'ar Ikko da ta Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Cikin Disamba 2023 kuma aka ƙaddamar da tasi-tasi masu lantarki a Maiduguri.

Abin da ya ƙara wa zancen nauyi shi ne tsadar mai. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Lita guda, wadda farashinta na Gwamnati bai kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta wuce 500 a Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Ɗan kabu-kabu ba ya bukatar a yi masa lacca a kan wannan, aljihunsa ya riga ya gaya masa.

Ina ruwan Sabon Birni?

Na san wani mai karatu zai ajiye jarida a nan ya ce, "Haba malam! Mu da mu ke fama da rashin wuta da rashin tsaro, za ka zo mana da zancen motar da ba mu ko gani ba? A bari mana ta iso tukuna." Maganarsa na da kamshin gaskiya, amma bari mu ba shi amsa biyu.

Ta fari, rashin wutar nan shi ne ya sa abin ya shafe mu fiye da kowa. A birnin da kowane gida ke da wuta dare da rana, mai mota ya kan yi cajinsa a gida yana barci, ba ya neman tashar jama'a sai ran tafiya. Amma a ƙasar Gobir, inda yawancin mutane ko wayar hannu sai sun kai ta shagon mai caji, wanda ke aiki da janareto ko farantan sola, mai babur ɗin lantarki ba shi da wata madogara sai tashar jama'a. Ashe ke nan rabon wuri a wurinmu zai fi zafi bisa ga na Turai. Ba kuwa lalle babbar mota ce za ta fara zuwa ba. A Ruwanda da Benin da Togo babura ne suka yi gaba, inda kamfanoni irin su Ampersand da Spiro suka kafa wuraren da ɗan acaɓa zai ba da batir wanda ya ƙare, ya karɓi cikakke cikin 'yan mintoci.

Ta biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Mun dai ga yadda layin gidan mai ya kan zama duk lokacin da aka shiga wahalar fetur: mai ƙarfi ya kutsa, mai sanayya ya bi ta ƙofar fita, 'yan bumburutu su kwashe da jarkoki, talaka ya yini a rana ya koma hannu wofi. Wannan hali bai faɗo daga sama ba, bari aka yi ya yi jijiya. Ɗabi'ar da aka fara da ita ran da aka buɗe wuri, ita ke zama al'adarsa.

Caji ba kamar shan mai ba ne

Kafin a yi doka, sai an fahimci abin da za a yi wa doka. Ma'aunin wuta shi ne yunit, irin wanda mita ke ƙirgawa, watau ƙarfin kilowat ɗaya har tsawon awa ɗaya. Batirin motar Kona da muka ambata yana ɗaukar yunit 64, masu ita kuma sun ce in ya cika zai kai ta kilomita 482. Don a gane yawan wannan wuta, ta isa ta cika wayoyin hannu fiye da 4,000.

Na'urorin caji kuwa iri uku ne. Akwai soket irin na gida, mai ƙarfin kilowat 2 zuwa 3, wanda zai yi fiye da kwana guda kafin ya cika wannan mota. Akwai matsakaiciya, mai kilowat 7, wadda ke cika ta cikin awa 9 da rabi. Sa'an nan akwai mai sauri, mai kilowat 50 ko fiye, wadda ke kai ta kashi 80 cikin 100 a wajen awa ɗaya da kwata. Kun ga bambanci ke nan. Mai shan fetur minti biyar ya ishe shi, amma mai caji baƙo ne wanda ya zo ya zauna.

Har wa yau akwai wani hali na batir wanda ya kamata kowa ya sani. Ku dubi mai ɗura gero a buhu. Da fari sai ya yi ta juyewa da ƙwarya, amma in buhu ya kusa cika sai ya koma kaɗan-kaɗan, yana girgizawa, don kada ya zube ko buhun ya fashe. Haka batir ya ke a bakin na'ura mai sauri. Da ya kai wajen kashi 80, motar da kanta ta kan rage shan wuta don kada batirin ya yi zafi ya lalace. Saboda haka ɗan ragowar nan, daga 80 zuwa 100, sau da yawa ya kan ci lokaci kusan kamar wanda aka ɓata tun daga farko. Zafin gari ma ya kan sa mota ta rage sha, mu kuwa mun san yadda Afrilu ya ke a Sakkwato, sa'ad da ma'aunin zafi ke wuce 40.

Tashar da ke aiki da hasken rana kuma tana da iyakarta, kamar rijiyar da ke ƙafewa in an matsa mata, sai an jira ta tsattsafo. Wutarta ta fi yawa daga hantsi zuwa la'asar. Abin da ta ke bayarwa da dare, ajiya ce daga batiran tashar, ajiya kuwa ƙarewa ta ke yi. Ƙurar hunturu in ta lulluɓe farantan, ita ma ta kan rage abin da su ke samarwa.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Waɗanda suka riga mu sun ɗanɗana wannan rigima, ya kamata mu amfana da wahalarsu. Babban abin da ya dame su shi ne mutumin da motarsa ta cika, ya bar ta maƙale ya tafi sha'aninsa. Cikin Disamba 2016 kamfanin Tesla na Amurka ya sa tarar santi 40 a kan kowane minti da mota ta ƙara bayan ta cika, amma a kan yafe wa wanda ya janye cikin minti biyar. Daga baya ya ƙara kuɗin, ya kuma ninka shi in tashar ta cika maƙil. A Jamus, cikin 2020, kamfanin EnBW ya sa kuɗin tare wuri a kan wanda ya wuce awa huɗu. Cikin 2024 kamfanin Electrify America ya gwada yanke wuta da zarar mota ta kai kashi 85 a waɗansu tasoshinsa masu cunkoso na kudancin Kalifoniya. A wannan jiha kuma doka ta yarda a janye motar da aka ajiye a gurbin caji alhali ba caji ta ke yi ba.

Ingila kuwa ta juya ta dubi masu tasoshin. Dokarta ta 2023 ta tilasta musu su bayyana farashin kowane yunit a fili, su ajiye lambar waya ta neman taimako wadda ke aiki dare da rana kyauta, na'urorinsu masu sauri kuma su zama suna aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci. Abin lura a nan shi ne, ladabi ba a kan mai mota kaɗai ya ke ba, mai rijiya ma akwai nasa.

Ladubba tara

Ga abin da mu ke gani ya dace da ƙasarmu. Ba mu ce mun ƙure ba, amma ko an ƙara, da wuya a rage.

Na ɗaya, gurbin caji ba wurin ajiye mota ba ne. Wannan zai fi wuya a wurinmu, domin farantan sola rumfa ce mai inuwa, inuwa kuwa a ƙasar Gobir dukiya ce. Mai motar fetur zai so ya raɓa, mai shayi zai so ya kafa teburinsa, awaki ma ba za a bar su a baya ba. Sai a tsare gurbin tun ranar fari. Ko motar lantarki ce, in ba caji ta ke yi ba, ba ta da hakki a wurin.

Na biyu, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, shaidarsa kuwa littafi. A ajiye littafi a hannun mai kula da tasha, a rubuta lambar mota da lokacin isowarta, kamar yadda direbobi ke bin layin lodi a tashar mota. A nan sai mu saɓa wa al'adar bakin famfo kaɗan: ba a kama layi da dutse ko jarka, sai da motar kanta. Ba a kuma sayar da layi.

Na uku, ɗebi abin da zai kai ka. Motar nan ta Kona yunit 15 ya ishe ta tafiyar kilomita 100, watau caji na wajen awa biyu a na'ura matsakaiciya. Mai zuwa Isa daga Sabon Birni ba shi da dalilin tare wuri awa tara alhali mutane na jira. A na'ura mai sauri kuma, in da mai jira, a tsaya a kashi 80, sai fa wanda tafiyarsa ba ta yiwuwa sai da cikakken batir, shi kuwa ya faɗa tun da fari.

Na huɗu, kada ka yi nisa. In za ka shiga kasuwa ko wurin cin abinci, bar lambar wayarka wurin mai kula, ka kuma san lokacin da motarka za ta gama, ka dawo kafinsa. Minti goma na uzuri ya isa.

Na biyar, kada ka zare na wani. Ko ka ga kamar motarsa ta cika, ba hurumin hannunka ba ne. Yawancin motoci su kan kulle kan kebur sa'ad da su ke caji, wanda ya fizge da ƙarfi zai karya abin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Kai ƙara wurin mai kula, shi ya kira mai motar.

Na shida, san bakin motarka. Kawunan caji ba iri ɗaya ba ne. Motocin Turai da irin nasu, wanda a ke kira CCS, tsofaffin motocin Japan da CHAdeMO, na Sin kuma da GB/T, mu kuwa motoci daga ko'ina su ke shigo mana. Kada ka kama layi awa guda sa'an nan ka tarar bakin bai dace ba, ka shiga jone-jone da wayoyi. Wutar da ke bi ta nan ba ta wasa ba ce. Haka kuma wanda abin hawansa ba ya iya shan wuta da sauri, ya bar na'ura mai sauri ga mai iyawa.

Na bakwai, mai da guga inda ka ɗauke shi. In ka gama, naɗe kebur ka rataye, kada ka yar da kansa cikin rairayi ko taɓo, kada kuma a taka shi da mota. In ka ga ya tsage ko yana zafi fiye da kima, faɗa nan take, kada ka ce bari in lallaɓa na baya ya ji da shi. A hana yara wasa a wurin, kada kuma kowa ya yi caji yana tsaye cikin ruwa kwance. A wurin musayar batir, kada ka mai da wanda ya faɗi ko ya sha ruwa ka yi shiru, domin wani ne zai hau kansa gobe.

Na takwas, biya kuɗinka ka karɓi rasit. Bashin tasha shi ke kashe tasha.

Na tara, ɗan gari ya sassauta wa matafiyi. Wannan shi ne mafi nauyi duka, don haka bari mu ware masa wuri.

Wa za a fara ba?

Daga Sakkwato zuwa Sabon Birni ta Goronyo tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kowa kuwa ya san halin da hanyoyin gabashin jihar suka shiga cikin shekarun nan. Ba mu manta da matafiyan da 'yan bindiga suka ƙone cikin motarsu a wannan yanki cikin Disamba 2021 ba. A Landan, wanda ya tare gurbin caji awa guda ya ɓata wa wani rai ne kurum. A nan, mai yiwuwa ne ya tura wani da iyalinsa cikin duhu a kan hanyar da ba a so magariba ta riski mutum. Saboda haka abin da wasu ke kira ladabi, a wurinmu ya kusa zama zancen rai. Wanda zai kwana cikin gari ya yi cajinsa da hantsi, ko ya jira bayan matafiya sun wuce. Motar ɗaukar majiyyata kuwa, da wadda ta ɗauko mai naƙuda, ba su bin layi, wannan a rubuta shi ɓaro-ɓaro don kada a yi gardama.

Saura zancen manya. Mu mutane ne masu girmama na gaba, ba kuwa mu so wannan hali ya gushe. In hakimi ko dattijo ko shugaban ƙaramar hukuma ya iso, a tashi a gaishe shi, a ba shi kujera a inuwa, a kawo masa ruwa. Amma layi ba na mai kula da tasha ba ne balle ya yi kyauta da shi. Dubi lissafin: in aka cusa babba a gaba, duk mutum shida da ke layi kowa an ci masa awa guda ba da yardarsa ba. Amma in mutum guda ya ce, "Ranka ya daɗe, karɓi wurina," shi kuma ya koma gurbin da babban zai tsaya, to, ya yi kyauta da abin da ya mallaka, ba a kuwa taɓa hakkin kowa ba. Musaya halal ce ga mai wuri, cushe kuwa ƙwace ne, ko da an yi shi da ladabi. Babban da ya ce a rubuta lambarsa a littafi kamar kowa, ya gama koya wa garin doka a rana ɗaya, abin da allon sanarwa ba zai yi cikin shekara ba.

Kada kuma a manta da baƙi. Ƙasar Gobir ba ta tsaya a kan iyaka ba, 'yan'uwa na nan a Tsibiri da Maraɗi, ana kuwa ci gaba da cuɗanya. Farashi ɗaya ga ɗan gari da baƙo, layi kuma ɗaya.

Aikin akawu da na malami

A zamanin En'e, akawuna ne ke tsara dokokin kasuwa da na tsabtar gari, duba-gari kuma na zagayawa ya ga an bi. Cikin 1976 aka sauya tsarin, ƙananan hukumomi suka gaji En'e, amma aikin bai mutu ba. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa kafa kasuwanni da tasoshin mota, da kula da su, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Tun da ya ke a kasuwa ko tashar mota ne ya fi dacewa a kafa wurin caji, ashe takardar za ta biyo ta kan teburinku ne, ku ma'aikatan Sabon Birni da Isa da sauran ƙananan hukumomi 21 na jihar.

In ta zo, ga abin da mu ke roƙo. Ku yi doka gajeruwa wadda direba zai iya haddacewa. A rubuta ta a allo babba, da boko da ajami, tare da farashin yunit da tarar kowane minti na tare wuri. A zaɓi tudu, ba fadamar da Gulbin Rima ke malalewa da damina ba. A zauna da shugabannin direbobi da na 'yan kabu-kabu kafin a sa hannu, domin dokar da aka yi da mutum ta fi wadda aka yi masa daɗewa. Mai kula da tasha a ba shi albashin da zai hana shi miƙa hannu, a kuma riƙa gwada littafinsa da abin da mita ta nuna. Abu mafi muhimmanci, a keɓe wani kashi na kuɗin da ke shigowa don gyara, da wanke farantai, da sayen sababbin batura, domin batiran tasha tsufa su ke yi. Ƙauye nawa ne cikin ƙasar nan ke da famfon burtsatse wanda aka buɗe da kaɗe-kaɗe, yau ga shi a tsaye ba ruwa saboda ɗan ƙarfen da ba a tanadi kuɗinsa ba?

Ku kuma malamai, ga darasin lissafi kyauta. Tasha tana da kai biyu, tana aiki awa 9 a yini, kowace mota na bukatar awa ɗaya da rabi. Mota nawa za ta sallama? Amsa, 12. To, in kowane direba ya ƙara minti 45 yana hira bayan ya gama, nawa za ta sallama? Amsa, 8. Sai ku tambayi yara, ina sauran huɗun za su kwana? Yaron da ya fid da wannan amsa da allinsa ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi a kan hakkin jama'a. Ku kuma yi amfani da shagon mai cajin waya na unguwa ku nuna musu abin a aikace: yadda ya ke manna lamba a jikin kowace waya, ya ba mai ita 'yar'uwar lambar, da abin da kan faru in wani ya zare ta wani ya sa tasa.

Rana dai ga ta nan, ta ishi kowa, ba ta kuwa bin mu kuɗi. Farantai da batura Gwamnati ko 'yan kasuwa na iya kawowa cikin mako guda. Abin da ba a iya ɗorowa bisa babbar mota daga Ikko shi ne halin ba na baya wuri. Wannan muna da shi tun kaka da kakanni a bakin rijiya, abin da ya rage kurum shi ne mu ɗauko shi mu kai sabon wuri tun kafin wani hali ya riga shi zama. Akawu ya fara tsara takardarsa, malami ya fara da allonsa.